Filin Tambaya da Amsa: Me Bature Ke Nufi Idan Ya Ce “Opt Out”?

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk sun karkata ga kalma guda ta Turanci, wato “opt out”, wadda ake yawan cin karo da ita a ƙasan saƙonnin imel, da takardun ɗaukar aiki, da labaran ƙasashen waje. Mun haɗa su wuri ɗaya, masu tsawon kuma mun taƙaita su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Wani kamfani da na yi rajista da shi ta intanet ya aiko mini da saƙo, a ƙarshensa an rubuta “You can opt out at any time.” Na duba ƙamus na ga “opt” na nufin zaɓa, “out” kuma waje. To zaɓar waje kuma kamar yaya? Kora ta za su yi? *Daga wata mai karatu*

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, kwantar da hankalinki, ba wanda zai kore ki. Cewa suke yi duk ranar da kika ga dama kina iya neman a cire ki daga cikin waɗanda ake aika wa saƙonnin.

Abin da ya rikita ki shi ne raba kalmar gida biyu da kika yi. Turanci na da tarin aikatau masu tafiya da 'yar ƙaramar kalma a bayansu, irin su “out” da “up” da “off” da “in”, kuma da zarar sun haɗu sai ma'anar ta zama tasu su biyun. Masu nahawun Turanci na ce musu “phrasal verbs”. Ai mu ma haka muke yi: wanda aka ce ya sa baki a rigima ba bakinsa ya cire ya ajiye a can ba. Don haka a ƙamus a nemi “opt out” a haɗe, yawanci a ƙarƙashin “opt” ɗin.

Ita “opt” daga Faransanci ta shigo Turanci a ƙarni na 19, asalinta kuma Latin ne, “optare”, tushe ɗaya da “option” da kowa ya sani. Ma'anar “opt out” ita ce mutum ya zaɓi kada a yi wani abu da shi. Sai dai ba kowane ƙin shiga ne ake kira da wannan suna ba. Dole a samu wani tsari da ya haɗa mutane da yawa, kamar fansho ko inshora ko jerin masu karɓar saƙo. Dole ya zama an riga an lissafa da kai a ciki, ko za a lissafa da kai muddin ka yi shiru. Sannan ita kanta ƙa'idar tsarin ta tanadi ƙofar fita, ta yadda wanda ya bi ta ƙofar bai saɓa wa kowa ba. A Hausa mukan ce tsame hannu, ko janye jiki, ko a cire sunana, amma babu ɗaya daga cikinsu da ke ɗauke da wannan sharaɗi na tsakiya, wanda kuwa shi ne ƙashin bayan maganar.

Kishiyarta ita ce “opt in”, wato mutum ya nemi a sa shi da kansa. Hausawa sun ce shiru ma magana ce, to a nan ne za ki ga gaskiyar haka. A tsarin “opt in”, shirunki na nufin a'a. A tsarin “opt out”, shirunki na nufin na yarda. Misali a Amurka, idan aka shigar da ƙarar gama-gari a madadin duk waɗanda wani kamfani ya cutar, kotu kan sa a aika musu da sanarwa mai ɗauke da ranar ƙarshe ta “opt out”. Wanda ya bar ranar ta wuce bai ce uffan ba, hukuncin ko sulhun da aka yi ya hau kansa, kuma ya rasa damar kai tasa ƙarar shi kaɗai a kan wannan magana. Bai sa hannu a komai ba, amma doka ta ɗauka ya amince.

Tambaya: Malam, na rubuta “I opted out the excursion” a jarrabawar gwaji, malaminmu ya ja jan layi a ƙarƙashinsa bai yi bayani ba. Ina laifin yake? *Daga wani ɗalibin sakandare*

Amsa: Malaminka na da gaskiya, kalma ɗaya ce ta faɗi. “Opt out” aikatau ne ƙi-karɓau, ba ya hawa kan suna kai tsaye. In za a ambaci abin da aka ƙi shiga, sai an sa “of” ta zama gada: “I opted out of the excursion.” In kuma an riga an san abin da ake magana a kai, sai a tsaya a “out” ɗin kawai: “Ten students opted out,” wato ɗalibai goma sun ce ban da su.

Tunda jarrabawa ce a gabanka, ga sauran ramukan da ɗalibai ke faɗawa.

Idan aikatau ne zai biyo bayan “of”, dole ya ɗauki “-ing”. Ana cewa “She opted out of receiving messages.” Ba a cewa “of receive”, ba a kuma cewa “opted out to receive”. Wannan na ƙarshen ya fi haɗari domin yana iya juya ma'anar gaba ɗaya, tunda “She opted to receive messages”, ba tare da “out” ba, na nufin ta zaɓi a riƙa aiko mata. Kalma mai harafi uku ce ta raba yarda da ƙi.

“Opt” ce kaɗai ke sauya siffa da lokaci: “opts out”, “opted out”, “opting out”, “has opted out”. Ita “out” ba ta motsi, saboda haka babu wani abu wai shi “opt outed”.

Sai batun “from”. Ɗalibai da yawa kan rubuta “opt out from”, saboda a zuciyarsu fita daga abu suke fassarawa. Akan ga hakan a rubuce jefi-jefi, amma abin da ƙamusoshi suka tabbatar wa aikatau ɗin shi ne “of”, kuma shi mai maki zai nema.

Ba a kuma tsaga ta a cusa suna a tsakiya kamar yadda ake yi wa “turn down”, inda ake cewa “turn the offer down”. Gaskiya ne a saƙonnin kamfanoni za ka ga irin su “We have opted you out” ko “You were opted in automatically”. Salon 'yan talla ne da masu harkar kwamfuta, kuma in ka lura yana cin karo da asalin kalmar, domin ta yaya wani zai yi maka zaɓi sannan a kira shi zaɓinka? Ka gane shi in ka gan shi, amma kada ka kai shi ɗakin jarrabawa.

'Yan'uwanta uku da ya kamata ka riƙe su ne “opt for” da suna a baya, wato zaɓar abu daga cikin wasu. “Opt to” da aikatau a baya. Sai “opt in” wadda kan zama “opt in to” ko “opt into” idan suna ya biyo.

Tambaya: Wani wuri ina ganin “opt out”, wani wuri “opt-out” da ɗan layi a tsakiya. Wanne ne daidai? Kuma yaya ake furta ta? In na faɗa sai a ce in maimaita. *Daga wata ma'aikaciyar ofis*

Amsa: Duka biyun daidai ne, Hajiya, aikinsu ne ya bambanta. In aikatau ce, kalmomi biyu ne a rabe: “I want to opt out.” In ta zama suna ko sifa sai a sa karan-ɗori: “an opt-out”, “an opt-out form”, “an opt-out clause”. Jam'inta “opt-outs”. Kuma sunan, saɓanin aikatau ɗin, yana karɓar “from” lafiya lau: “an opt-out from the treaty”. Dabarar ganewa ita ce, in za ki iya sa “an” ko “the” a gabanta, to ki sa karan.

Game da furuci, matsalar daga “p” take. Bakinmu ya saba mayar da ita “f”, sai mai sauraro ya ji kamar “oft” ko “off”. Ki haɗe leɓɓanki biyu ruf kafin ki saki “t”, kuma kada ki bari wasali ya kutsa tsakaninsu ya zama “opit”. Masu harshen kan jingina “t” ɗin da kalmar gaba, sai ta fito kamar “op-taut”. A aikatau nauyin murya na kan “out”, a suna kuma yana komawa kan “opt”. “Opted” gaɓa biyu ce, “op-tid”.

Tambaya: Ni dai “opt out” da “back out” da “pull out” da “drop out” duk ɗaya nake jin su, tunda duk fita ce. Akwai bambanci, ko dai yawan magana ne irin na Turawa? *Daga wani mai fassara*

Amsa: Akwai bambanci, Malam, kuma mai fassara shi ya fi kowa buƙatar saninsa, domin wasunsu zargi ne, wasu kuma ba zargi ba ne. Tambayoyi biyu ke raba su: shin mutumin ya yi alkawari tun farko? Kuma a wane mataki ya fita?

“Back out” ta wanda ya ba da kalmarsa ce sannan ya noƙe. Mai saye ya amince da ciniki, an shirya takardu, ranar sa hannu ya ce ya fasa: “He backed out of the deal.” Akwai ƙanshin saɓa alkawari a jikinta. In ka fassara “opted out” da cewa ya yi amai ya lashe, ka ɗora wa mutum laifin da rubutun bai ɗora masa ba. In kuma ka sa “opted out” inda ya kamata a ce “backed out”, ka wanke mai laifi. Wannan shi ne kuskuren da ya fi tsada a cikin huɗun.

“Pull out” janyewa ce daga abin da aka riga aka tsunduma ciki, kuma ta fi zama a bakin 'yan jarida: ƙasa ta kwashe sojojinta, kamfani ya tattara ya bar wata kasuwa, ɗan wasa ya janye daga gasa saboda rauni. Ba ta yabo, ba ta zargi.

“Drop out” ta wanda ya fara ne bai kai ƙarshe ba, musamman karatu ko tsere. Sau da yawa ma ba zaɓi ba ne, hali ne ya tilasta. Ɗalibin da ya “dropped out of school” ya bar makaranta ɗungurungum. Wanda ya “opted out of” wani darasi kuwa yana nan a makarantar, darasin da aka ba shi zaɓi a kai ne kawai ya ajiye.

Akwai wasu da ba ka ambata ba. “Bow out” sauka ce cikin mutunci, irin ta wanda ya daɗe a kan muƙami ya ga lokaci ya yi. “Sit out” ita ce mutum ya zauna gefe a zagaye ɗaya da niyyar dawowa, kuma ita tana tsaguwa: “I'll sit this one out.” “Chicken out” gori ce, tsoro ya hana shi. “Cop out” ita ma suka ce, mutum ya zille wa nauyin da ke kansa da hujjar da ba ta da ƙwari, kuma da yake sautinta ya yi kusa da na “opt out”, sai a yi hattara wajen fassarar baka. “Turn down” kuwa tayi ake yi wa ita, aiki ko gayyata ko kyauta, abin da ba ka taɓa shiga cikinsa ba.

Wani lokaci marubuci kan ari “opt out” ya yi habaici da ita, kamar ya ce wani uba ya “opted out of his responsibilities”. Habaicin yana aiki ne saboda kowa ya san nauyin iyali ba shi da takardar fita. A irin wannan wuri zame jiki ko yin watsi shi ne fassarar, ba janyewa ba.

Tambaya: Na danna inda aka rubuta “opt out” a wani shafi, amma har yau saƙonnin talla ba su daina shigowa ba. Ko dai kalmar yaudara ce kawai? *Daga wani mai karatu*

Amsa: Kalmar ba ta da laifi. Dalilan da ke jawo haka sanannu ne, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Da farko ka tabbata ka kai ƙarshen hanyar. Shafuka da yawa ba sa cire mutum da dannawa ɗaya. Sukan kai ka wani shafi mai jerin akwatuna, sannan can ƙasa akwai maɓallin “Save” ko “Confirm”. Wanda ya rufe shafin bai danna wannan ba, kamar bai yi komai ba ne.

Sannan ka karanta jimlar da ke gefen akwatin har ƙarshenta. “Tick this box if you wish to receive offers” na nufin ka sa alama in kana so. “Tick this box if you do not wish to receive offers” na nufin ka sa alama in ba ka so. Akwai kuma akwatin da ke zuwa da alamarsa a ciki tun asali, wanda sai ka cire ta. Wasu kamfanoni da gangan suke jera iri biyu a shafi ɗaya don ido ya zame. A ƙasashen Tarayyar Turai, dokar kare bayanan jama'a da ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018 ba ta ɗaukar akwati mai zuwa da alama a matsayin amincewa, kuma babbar kotun Tarayyar ta jaddada haka a Oktoban 2019.

Akwai kuma lokaci. Dokar Amurka ta 2003 a kan saƙonnin talla, wadda ake kira CAN-SPAM, ta ba mai aikawa kwanakin aiki 10 ya cire wanda ya nema, kuma ta hana shi neman kuɗi a kan haka. Tun 2024 Gmail da Yahoo sun ƙara matsa wa masu aika saƙonni da yawa lamba, suka ce su sa hanyar fita ta dannawa ɗaya, su kuma cika cikin kwana 2. Saboda haka in mako biyu bai cika ba, ka ɗan ƙara haƙuri.

Ka kuma duba daga me ka fita. Kamfani ɗaya kan riƙe jeri daban-daban, na labarai, na rangwame, na abokan hulɗarsa, kuma fita daga ɗaya ba ta shafi sauran ba. Ka nemi inda aka ce “all marketing”. Saƙonnin rasit da na canjin kalmar sirri da na tsaron asusu kuwa ba talla ba ne, za su ci gaba da zuwa.

In tallar da ke bin ka daga shafi zuwa shafi ce ka ƙi, yawanci ana ajiye ƙin naka ne a cikin wani ɗan fayil da shafin ke bari a burauzarka, wanda ake kira kuki. Ranar da ka share kukis, ka share har da ƙin, sai a koma gidan jiya. Kuma abin da ka yi a waya bai shafi kwamfuta ba, kowace na'ura sai an yi mata nata.

Duk wannan bayani a kan kamfanin da ka sani ne. In saƙo ya zo daga wanda ba ka taɓa hulɗa da shi ba, kada ka danna komai a cikinsa, ko da an rubuta “opt out” da manyan baƙaƙe. 'Yan damfara na amfani da wannan maɓalli su tabbatar akwai mutum a bayan adireshin, ko su ja shi zuwa shafin bogi. Ka tura saƙon akwatin tarkace, ka toshe mai aikowa.

Tambaya: Na samu aiki a Birtaniya. A cikin takardun da aka ba ni akwai biyu masu ɗauke da “opt out”, ɗaya ta fansho, ɗaya kuma an rubuta “48-hour opt-out agreement”. Abokin aikina ya ce in sa hannu a duka. Me suke nufi? *Daga wani ɗan'uwa mazaunin Birtaniya*

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka sa hannu tukuna, domin takardun biyu ba hanya ɗaya suka nufa ba.

Tun Oktoban 2012 Birtaniya ta fara tilasta wa masu ɗaukar aiki su sa ma'aikatansu a tsarin fansho kai tsaye, muddin ma'aikaci ya kai shekara 22, bai kai shekarun fanshon gwamnati ba, kuma yana samun sama da wani adadi a shekara, wanda tun 2014 fam 10,000 ne. Tun Afrilun 2019 mafi ƙarancin abin da ake zubawa shi ne kashi 8 cikin 100 na ɓangaren albashin da doka ta ƙayyade, kuma aƙalla kashi 3 daga aljihun mai kamfani yake fitowa. In ka yi “opt out”, abin da ake yanka a albashinka zai tsaya, amma kason mai kamfanin ma ya tafi ke nan, ba za a ƙara maka shi a albashi ba. Wata ɗaya ake ba ka bayan an sa ka. In ka fita a cikinsa za a mayar maka da abin da aka cire. In ya wuce kana iya daina zubawa, amma abin da ya riga ya shiga yawanci sai ka kai shekarun cirewa, waɗanda a yanzu 55 ne, za su koma 57 a 2028. Takardar fitar ma daga kamfanin fanshon ake karɓar ta, kuma doka ta hana mai ɗaukar aiki ya zuga ka ka fita. Bayan kamar shekara uku za a sake mayar da kai, in har lokacin ba ka so sai ka sake nema.

Ta biyun ita ce mai tarko. Dokar lokutan aiki ta 1998 ta ce kada a sa ma'aikaci aikin da ya wuce awa 48 a mako, in aka ɗauki matsakaicin makonni 17. To wannan kariya ce takardar ke cewa ka fita daga cikinta. Wato sa hannunka na nufin ka yarda a sa ka aikin da ya fi awa 48. Mutane da dama kan ga “opt-out” su zaci suna ƙin dogon aiki ne, alhali ƙofarsa suke buɗewa. Ba dole ba ne ka sa hannu, kuma ba a yarda a kore ka ko a muzguna maka don ka ƙi ba. In kana son ƙarin awoyin saboda kuɗinsu, wannan ra'ayinka ne, kuma kana iya sokewa daga baya da sanarwar aƙalla kwana 7, ko har wata 3 in haka aka rubuta a yarjejeniyar. Duk inda ka ga kalmar nan a takarda, ka nemo sunan abin da ake fita daga cikinsa, ka tambayi kanka: nauyi ne a kaina, ko kariya ce gare ni?

Tambaya: A labarai na ji an ce Denmak na da “opt-outs” a Tarayyar Turai. Ke nan ita ma ta fice kamar Birtaniya? *Daga wani mai sauraron rediyo*

Amsa: A'a, Denmak na nan daram a cikin Tarayyar. A Yunin 1992 'yan ƙasar suka ƙi yarjejeniyar Maastricht, wadda ta kafa Tarayyar Turai, a ƙuri'ar raba-gardama. A Disambar wannan shekara, a taron Edinburgh, aka amince a ɗauke mata abubuwa huɗu: kuɗin bai-ɗaya, da harkar tsaro, da harkar shari'a da cikin gida, da batun zama ɗan ƙasar Tarayyar. Da wannan sharaɗi suka amince a ƙuri'a ta biyu a Mayun 1993. Shi ya sa har yau kuɗinsu krone ne, ba yuro ba. Na tsaron kuwa da kansu suka soke shi a ƙuri'ar 1 ga Yuni, 2022, 'yan watanni bayan Rasha ta afka wa Yukren.

Ita ma Birtaniya, lokacin da take ciki, tana da nata a kan yuro. Amma ficewar da ta yi ranar 31 ga Janairu, 2020 ba a kiran ta “opt-out”, “leave” ko “withdraw” ake cewa. A siyasa “opt-out” na nufin ana tare, amma an ɗauke wa ƙasa wani sashe.

Wani wurin da za ka riƙa jin kalmar a labarai shi ne batun ba da sassan jiki bayan mutuwa. Wales ta koma tsarin “opt-out” a Disambar 2015, Ingila a Mayun 2020, Sikotland a Maris ɗin 2021. A can ana ɗauka baligi ya amince sai in ya rubuta ƙinsa a rajista, ko da yake ana tuntuɓar iyalinsa kafin a yi komai. Abin da ke sa gwamnatoci damuwa da wane tsari za a bi shi ne yawancin mutane ba sa taɓa abin da suka tarar. Wani bincike da Eric Johnson da Daniel Goldstein suka wallafa a mujallar Science a 2003 ya nuna cewa a Jamus, inda sai mutum ya nema, kashi 12 cikin 100 ne suka amince, a Ostiriya maƙwabciyarta kuwa, inda sai mutum ya ƙi, adadin ya haura kashi 99.

Tambaya: Abokina Bature ya gayyace ni wata liyafa, na rubuta masa “I opt out.” Tun daga nan ya ɗan ja baya da ni. Na yi kuskure ne? *Daga wani ɗalibin jami'a*

Amsa: Nahawunka bai karye ba, amma ka amsa wa aboki da harshen takardar ofis. Gayyata ba tsari ba ce da aka jefa sunanka ciki, mutum ne ya neme ka, don haka jimlar ta fito a bushe, kamar kana soke rajista. Abin da ake cewa shi ne “Thanks for inviting me, but I can't make it,” wato na gode da gayyata amma ba zan samu zuwa ba. Tsakanin abokai na kusa “I'll pass this time” ta wadatar. “Count me out” ma ana faɗa, sai dai tana da kaifi, ta fi dacewa da abin da ba ka yarda da shi ba sam. In gayyatar ta hukuma ce, “I regret that I must decline.”

Ka adana “opt out” don inda take da aiki, wato wasiƙa zuwa kamfani ko makaranta ko ma'aikata. A can ma gajeruwa ta fi: “I wish to opt out of” sai cikakken sunan tsarin kamar yadda suka rubuta shi, sai sunanka da lambar rajistarka da kwanan wata, sannan ka rufe da “Please confirm in writing.” Ba sai ka kawo dalili ba, sai in takardarsu ta nema. Ka aika kafin ranar ƙarshe ta hanyar da suka ambata, domin wasu ba sa karɓar imel in fom suka tanada, kuma ka ajiye kwafi tare da amsar da za su aiko.

Shi kuwa abokin naka, ka kira shi ka ce masa kalmar ce ta zo maka a karkace, ka kuma tambaye shi yadda liyafar ta kasance.